Ganye ma yana haske cikin duhu: tarihin wani gwaji da ya ƙi tafiya yadda aka so

Wannan rubutu na 'yan sashen nazarin tsirrai ne da na aikin gona, musamman waɗanda furojet ya riƙe wa wuya a Yelwa da Gubi, amma kowa ma ya karanta, babu lissafi a ciki. Ganyen darbejiyar da kake wucewa ta ƙarƙashinta a Wunti, da za ka tsinke shi da rana tsaka ka shiga da shi ɗaki mai duhu, zai ci gaba da fitar da wani jan haske na daƙiƙoƙi, har zuwa mintuna. Idonka ba zai gani ba, ya yi rauni da yawa, sai na'ura. Yadda aka gano haka shi ne labarin.

Tun 1834 David Brewster ya lura cewa ruwan ganyen da aka jiƙa a sinadari yana komawa ja idan hasken rana ya ratsa shi. Amma wannan hasken nan take yake mutuwa, kana ɗauke rana ya tafi. Kusan shekara 120 kowa ya ɗauka iyakar abin ke nan.

Sai Bernard Strehler, matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya je Oak Ridge a jihar Tennessee ta Amurka, garin da aka gina lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda aikin bam ɗin nukiliya. Shi ba hasken ganye ya je nema ba sam. So yake ya nuna cewa ganye yana ƙera ATP da hasken rana, wato sinadarin da ƙwayar halitta ke kashewa kamar kuɗi. Dabararsa kuwa makesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare a damina: ruwan da aka tatso daga jikinsa ba ya haske sai ya sami ATP. To a haska koren ganye, a zuba masa ruwan makesu cikin duhu, in an ga haske an gama. Ya kai maganar ga William Arnold, wanda tun 1932 shi da Robert Emerson suka nuna cewa sai klorofil kusan 2,400 sun yi taron dangi kafin ƙwayar iskar oksijin ɗaya ta fito.

Suka gwada, na'ura ta nuna haske. Da wani ne, nan zai rufe littafi ya tafi rubuta babi na huɗu. Su kuwa suka sake gwajin ba tare da ruwan makesu ba, don su tabbata. Haske ya sake fitowa. Ashe ganyen ne da kansa. Abin da suka fito nema ya ɓaci, suka bi wanda suka tarar. Suka riƙa haska gansakukar ruwa mai suna Chlorella a wani mazubi, famfo yana tura ta zuwa wani mazubin cikin duhu gaban na'urar auna haske, suna duba yadda hasken ke dushewa. A 1951 suka buga sakamakon. Maganar ATP ɗin kuma gaskiya ce, amma Daniel Arnon da abokan aikinsa ne suka tabbatar da ita a 1954 a Berkeley.

A nan nake so mu ɗan tsaya. Mu nawa ne za mu yi wancan gwaji na biyu, alhali na farko ya ba mu abin da sufabaiza ke jira, sinadari ya kusa ƙarewa, kuɗin kuma daga aljihunmu ya fito? Ni dai a ganina lambar da ta ƙi shiga layi ita ce ta fi cancanta a kwana a kanta, ba a goge ta a cike gurbin da ta maƙwabta ba. Mun san ana yi.

To daga ina hasken yake? A 1954 Arnold da Davidson suka nuna launinsa iri ɗaya ne da na wancan hasken mai mutuwa nan take, ke nan klorofil ne ke fitar da duka biyun. Idan rana ta bugi klorofil, sai ilektoron ɗaya ya fice daga cibiyar da ake kira P680, a yi ta miƙa shi gaba. Kamar famfo ne mai tura ruwa tankin sama: yawanci ruwan ya hau ke nan, amma ɗan kaɗan yana gangarowa ta bututun da ya hau. Ilektoron da ya dawo baya yana sake zaburar da klorofil, shi kuma ya saki ƙarfin a matsayin haske. A 1957 Arnold da Helen Sherwood suka haska busasshen koren ganye, suka dumama shi cikin duhu, ya yi haske shi ma. Arnold ya ɗauka ganye yana aiki ne irin na sinadarin tiransista. Wannan fassarar ba ta tsaya yadda ya so ba, amma hanyar gwajin tana nan ana amfani da ita.

A 1969 Pierre Joliot a Faris ya riƙa harba wa gansakuka walƙiya ɗaya-ɗaya, ya ga oksijin ya fi fita a ta uku, daga nan kuma duk bayan huɗu. Bessel Kok ya yi bayanin matakan a 1970. Da aka duba, hasken mai jinkiri ma yana bin wannan zagayen na huɗu, sai ya zama tagar leƙa wurin da ganye ke fasa ruwa.

'Yan aikin gona, ga naku. Atrazin da ake fesa wa gonar masara yana kashe ciyawa ne ta hanyar toshe wa ilektoron hanya a daidai wannan wurin, ita masara tana iya narkar da shi. Da hanya ta toshe, yanayin hasken zai canza tun ganye yana kore shar. Zafi da ƙishirwa ma suna canza shi, shi ya sa ake auna shi wajen gwada juriyar iri.

Strehler bai daɗe a fannin ba, ya koma binciken tsufa, can ya yi suna. Shi da Arnold duk a 2001 suka rasu.