Ƙyallin Wuƙa da Farashinsa

A tsakanin masu sha'awar wuƙaƙe a Amurka da Turai akwai wata al'ada: mutum ya sayi sabuwar wuƙa mai baƙin fenti, ya shafa mata maganin cire fenti, sannan ya bi ruwanta da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ta riƙa ɗaukar ido kamar madubi. Wannan baƙin rufin da ake kankarewa yana da dogon tarihi, kuma tarihin ne ke nuna abin da ake rasawa idan an cire shi.

A ƙarni na 19, birnin Shefild na Ingila shi ne cibiyar ƙera wuƙaƙe. Ƙarfen lokacin mai saurin tsatsa ne, kuma ƙyallinsa daga hannun masu wasa shi a kan dutse yake fitowa. Ƙurar dutsen da ta ƙarfen kan taru a huhunsu. A 1845, Friedrich Engels ya ruwaito cewa masu wasa ƙarfe a busasshen dutse da ƙyar suke kai shekara 35, masu aiki da jiƙaƙƙen dutse kuwa ba safai suke wuce 45 ba. A gidajen masu hali ma, goge wuƙaƙen cin abinci aikin barori ne na kullum.

Mafita ta zo ta hanya biyu. Ta farko ita ce rufe ƙarfen. A 1906 Thomas Coslett ya yi rajistar dabarar tsoma ƙarfe cikin ruwan fosfet mai zafi, wanda ke bar masa rufi mai duhu da ke riƙe mai. Wani kamfani a Ditroit, Parker Rust-Proof, ya bunƙasa dabarar daga 1915. Sojoji sun karɓe ta hannu bibbiyu, domin wuƙa mai walƙiya tana iya tona asirin mai riƙe da ita. Shi ya sa wuƙar KA-BAR, wadda rundunar Marin ta Amurka ta ɗauka a 1942, ta shahara da duhun ruwa.

Ta biyu ita ce sauya ƙarfen kansa. A watan Agustan 1913, Harry Brearley, yana binciken yadda bakin bindiga ke cinyewa, ya narka ƙarfe mai kusan kashi 13 cikin 100 na kuromiyam. Idan kuromiyam ya haɗu da iska, yakan yi wa ƙarfen wani siririn rufi da ido ba ya gani, wanda ke sake rufewa da kansa in an karce shi.

Amma ƙarfe mai yawan kabon, irin 1095, bai ɓace ba, don yana da sauƙin wasawa da juriya. Shi ne yawanci ke ƙarƙashin baƙin fentin yau. Fentin kuma yana ɓoye zanen da injin wasa ƙarfe ya bari, ya rage wa masana'anta kuɗin gogewa.

Saboda haka duk wanda ya kankare fentin ya ɗauki nauyi biyu: gogewar da masana'anta ta tsallake, da tsaron ƙarfen daga danshi. In bai shanya wuƙar ya shafa mata mai bayan aiki ba, tsatsa na iya bayyana cikin kwana ɗaya.