Gari, Fura da Salka: Guzurin Masu Doguwar Tafiya a Hanyar Boɗinga da Shagari

Hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta yi kudu maso yamma, ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Gwandu, tana cikin hanyoyin da suka fi shan sawu a ƙarni na 19. Daga Sakkwato zuwa Boɗinga kimanin kilomita 25 ne, zuwa Shagari kuwa ya haura 50, wato ya zarce tsawon tseren gudun fanfalaki na yau, mai kilomita 42 da mita 195. Manzanni da almajirai da fatake da mayaƙa sun riƙa cin wannan tazara a ƙasa, a yankin da zafin bazara kan wuce digiri 40. Abin da ya riƙe su shi ne guzuri, da sanin lokacin ci da lokacin sha.

Cunkoson hanyar ya samo asali ne daga tarihin jihadi. Wajen 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau, yana karantarwa da rubuce-rubuce har 1815, lokacin da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga. A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar mulki, ya ba Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Bayan rasuwar Shehu a 1817 daular ta kasance da cibiyoyi biyu, Sakkwato da Gwandu, kuma wasiƙu da baƙi da ayari ba su yanke tsakaninsu ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya bi wannan hanya ta Boɗinga zuwa Gwandu a watan Mayun 1853.

Sunan Shagari ma yana ɗauke da labarin guzuri. Masu tarihin baka suna danganta shi da "sha gari", domin a wurin ne matafiya tsakanin Sakkwato da Gwandu ke yada zango su dama gari su sha kafin su ci gaba. 

Garin da ake nufi na gero ne, wanda aka surfa, aka wanke, aka shanya, aka daka, wani lokaci da citta da kanumfari da barkono. Busasshe ne, ba ya da nauyi, ba ya saurin lalacewa, kuma ba ya bukatar wuta. Matafiyi kan zuba shi a jaka ko burgami. In ya isa bakin rijiya ya ɗebi kaɗan a ƙwarya, ya zuba ruwa, ya dama, in da hali ya sa tsamiya ko zuma. A kurɓi guda ya samu abinci da ruwa tare. Gumba ’yar’uwar gari ce, sai dai ita a dunƙule take. Fura kuwa, wadda Sakkwatawa ke kira hura, ta fi su armashi amma ba ta jure kwanaki, don haka guzurin yini ɗaya ko biyu ce. Ana dama ta da nonon da ake saya wurin matan Fulani a rugage da kasuwannin bakin hanya.

Sauran kayan guzuri duk busassu ne. Kilishi nama ne da aka yanyana, aka shanya, aka shafe da labu mai yaji da gishiri, aka gasa, kuma yakan daɗe bai ɓaci ba. Ga ƙuli-ƙuli da dakuwa da dabino, waɗanda ake ci ana tafe. Sai goro, abokin mai tafiyar dare, mai korar barci da danne yunwa. Neman goron ne ya kai fataken Hausa har Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yau, tafiyar watanni ƙarƙashin madugu, kuma a irin wannan ayari ne dabarun guzuri suka fi gogewa.

Ruwa shi ne babbar damuwa. Mai tafiya shi kaɗai yakan rataya gora ko buta, ayari kuma ya ɗora salkuna a kan jakuna da raƙuma. Salka fatar akuya ce da aka jeme aka ɗinke. Ɗan naso da take yi yana bushewa da iska, shi ya sa ruwan cikinta ke yin sanyi ko a tsakar rana. Ana auna zango ne da rijiya: madugu da jagaba dole su san inda ruwa yake, da wanda kan ƙafe da rani. A ƙauyuka ana girke randa a gindin bishiya ko ƙofar zaure domin sadaka, kuma baƙo ba ya fara bayani sai an kawo masa ruwa.

Inda babu rijiya, tafiya kan koma tsere da ƙishirwa. Dajin Gundumi, a gabashin Sakkwato, ya yi suna a kan haka, ga rashin ruwa ga fargabar harin Gobirawa. Wani Bature, Hugh Clapperton, ya ƙetare shi a 1824, mutanensa suka galabaita ƙwarai kafin su isa rijiya. Barth ya ƙetare shi a 1853 da tafiyar kusan awa 26 ba zango. Kafin a shiga irin wannan daji, kowa kan sha ya ƙoshi, ya cika salka, bisa karin maganar nan cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Lokaci ma yana cikin guzuri. Ana sammako tun kafin asuba, a yi tafiya har hantsi ya ɗaga, a fake a inuwa a dama gari ko fura, a tashi da sanyin la’asar, in akwai farin wata a haɗa da dare. Waɗanda aikinsu ya fi kama da gudu su ne manzanni masu saƙon gaggawa da zagagen da ke sassarfa a gaban dokin sarki.

Tseren gudun fanfalaki, ko yada-ƙanin-wani, ya faro ne da wata fahimta ta dabam. An fara shi a gasar Olamfik ta 1896 a birnin Atina na ƙasar Girka, kuma masu horarwa na lokacin sun ɗauka cewa shan ruwa ana gudu yana kawo ciwon ciki da nauyin jiki, har suna ganinsa alamar ragwanci. A gasar 1904 a St. Louis ta Amurka, wuraren shan ruwa ba su wuce biyu ba a kan hanya mai ƙura ta kusan kilomita 40. Cikin mutum 32 da suka tashi, 14 ne suka ƙarasa. Wanda ya yi nasara, Thomas Hicks, masu kula da shi sun ɗura masa barasa da farin ƙwai da gubar sitiriknin, wadda ake zaton tana ƙara kuzari, ya isa ƙarshe ana tallafe da shi. A Landan a 1908 ɗan Italiya Dorando Pietri ya yi ta faɗuwa a cikin filin wasa, aka tashe shi, aka kuma soke nasararsa. A Stockholm a 1912 ɗan Fotugal Francisco Lázaro ya faɗi cikin zafi, ya rasu washegari.

Likitoci sun fara hango gaskiya da wuri. A tseren Boston na 1924 sun auna jinin masu gudu, suka tarar waɗanda suka fi galabaita sukarin jininsu ya yi ƙasa. Shekara mai zuwa aka ba wasunsu alewa a hanya, suka ƙarasa da sauran ƙarfi. Duk da haka doka ba ta sassauta ba. Ƙa’idar hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta 1953 ta hana ba mai gudu abin sha sai ya ci kilomita 15, daga nan kuma duk bayan kilomita 5. A 1954 a Vancouver, Jim Peters na Ingila, wanda ya fi kowa gudun fanfalaki a duniya a lokacin, ya shigo filin wasa yana gaban kowa da tazara mai yawa, amma zafi da ƙishirwa suka kayar da shi bai ƙarasa ba. Ƙarƙashin wannan ƙa’ida ce Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi.

Sauyi ya zo ne a shekarun 1960. A 1965 Dakta Robert Cade da abokan aikinsa a Jami’ar Florida suka haɗa abin shan nan Gatorade daga ruwa da sukari da gishiri. A Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman suka nuna cewa tsoka tana adana sukari, kuma cin abinci mai sitaci kwanaki kafin gudu yana ƙara wannan ajiya. Ron Hill na Ingila ya yi aiki da dabarar, ya lashe gasar Turai a 1969. Frank Shorter na Amurka ya ci zinare a Munich a 1972 yana kurɓar Coca-Cola da aka bari iskarta ta fita. A 1977 aka yarda a fara ba da abin sha tun daga kilomita 5. Daga baya kuma aka wuce gona da iri: a 1985 Tim Noakes na Afirka ta Kudu ya bayyana haɗarin ɗirkar ruwa zalla har gishirin jini ya salance, kuma binciken da aka yi a tseren Boston na 2002 ya samu wannan matsala a jikin kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka auna.

Matsayar masana a yau ita ce jiki mai doguwar wahala yana bukatar abubuwa uku tare: ruwa daidai ƙishirwa, sitaci ko sukari kaɗan-kaɗan a kai a kai, da gishirin da zai maye wanda gumi ya fitar. Tafiya da gudu ba nauyinsu ɗaya ba, domin mai tafiya yana da damar zama a inuwa, mai tsere kuwa ba ya da ita. Amma guzurin matafiyan Boɗinga da Shagari ya ƙunshi ukun duka: gari ko fura na ba da ruwa da sitaci, kilishi da ƙuli-ƙuli na ba da gishiri da maiƙo, goro kuma yana da sinadarin kafeyin da masu tsere ke nema a yau.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, titi da mota suka rage doguwar tafiyar ƙasa sannu a hankali. Jarka da robar ruwa sun maye gurbin salka da gora a mafi yawan wurare, amma fura da gumba da kilishi suna nan a kasuwanni da tashoshin hanyar, kuma makiyaya da manoman yankin da su suke yini a daji har yau.