Battle City: asalin wasan Tanki da yadda ake buga shi

Duk wanda ya taso a Agege ko Sabon Ibadan, da wuya a ce bai taɓa ganin gem ɗin nan mai kaset da ake jona wa talabijin ba. A cikin wasanninsa akwai wanda muke kira Tanki. Na daɗe ina ɗauka 'yan Chana ne suka ƙirƙiro shi, ashe ba haka ba ne.

Sunansa na gaskiya Battle City. Kamfanin Namco na ƙasar Japan ne ya fitar da shi a 1985 don na'urar Famicom ta Nintendo. Tushensa wani wasa ne mai suna Tank Battalion, wanda kamfanin ya fitar a 1980 a manyan akwatunan wasa da ake jefa wa kuɗi kafin a buga. Wanda ya fi zuwa hannunmu kuwa, Tank 1990, kwaikwayo ne da aka yi a Chana aka ƙara masa matakai.

Wasan yana cikin jinsin harbi a lungu-lungu: kana kallon fili daga sama, katangu sun rarraba shi, kana bin hanyoyi kana harbi. Wani tsohon ɗan wannan gida shi ne Berzerk na Amurka, na 1980.

Battle City na asali yana da matakai 35, kowanne da tankokin abokan gaba 20. Aikinka biyu ne: ka gama da su, ka kuma tsare mikiyar da ke ƙasan allo. Harsashi ɗaya ya same ta, ko da naka ne, wasa ya ƙare komai yawan ran da ya rage maka.

Bulo yana fashewa, ƙarfe kuwa sai ka ɗauki tauraro uku. Ruwa yana tare tanka amma harsashi na wucewa. Bishiyoyi suna ɓoye ta, ƙanƙara na sa santsi. In ka harbe tanka mai ƙyalli, kyauta za ta fito: agogo yana tsayar da abokan gaba, gurneti ya tarwatsa su, hular kwano ta kare ka na ɗan lokaci, shebur kuma ya mayar da katangar mikiya ƙarfe.

Mutum biyu na iya bugawa tare, kuma nan ne daɗin yake. In ka harbi abokinka ba ya mutuwa, daskarewa yake na ɗan lokaci. Ni da ƙanena mun sha faɗa a kan wannan, don kowa so yake ya je gaba farauta, a bar gida ba kowa. Sai da muka raba aiki, ɗaya gaba ɗaya gadi, sannan muka fara nisa. In ka samu wasan a wayarka yau, fara da tsare mikiya.