Aska Takwas: Wace Riga ce ta Asali?

Duk sanda Sallah ta matso, gardama ɗaya ce a bakin shagunan Sabo: wannan aikin hannu ne, wancan na keke ne, rigar asali kuwa an ce ta ƙare. Kafin mu yanke hukunci, bari mu waiwayi tarihin babbar riga.

A zamanin daular Sakkwato, riga ɗaya hannaye da yawa take bi. Mata su kaɗa zare, marina su rina shi da baba, masaƙa su saƙa ƙyalle siriri wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, maɗinka su harhaɗa. Galibi malami ne yake zana aska biyu ko aska takwas, masu allura su bi zanen wata da watanni, sannan mabuga su buge ta har ta ɗau sheƙi. Baturen nan Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafinta suke kaiwa har Tumbutu.

To, amma kayan duk na gida ne? Ina! Tsamiya tamu ce, daga tsutsar daji ake samunta. Shi kuwa jan alharini, ragowar silikin masaƙun Turai ne da ayari yake ɗaukowa daga Tarabulus. A wajen ɗinki ma Nufawan Bida sun yi suna ƙwarai, rigar Nupe abin alfaharin sarakunanmu ce.

Da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, iyayenmu sun zauna da wannan sutura a tsakiyar Yarabawa, waɗanda tun tuni suke kiran ɗan cikinmu dansiki. Sunan ya ƙetare teku, baƙaƙen fatan Amurka suka mai da shi dashiki a shekarun 1960. Yau kuma shaddar Getzner da muke taƙama da ita daga Ostiriya take zuwa.

Ashe ke nan asalin riga ba a garin da zare ya fito yake ba. Abin da magabata suka riƙe shi ne gwanintar hannu da faɗin gaskiya a ciniki. Keke ba shi da laifi, shi ya sa talaka ma yake fita Idi da aiki a ƙirjinsa. Laifin shi ne algus: a sayar da na keke da sunan na hannu. Mai saye ya cutu, mai allura ya fi shi cutuwa, don an daidaita wahalarsa ta wata uku da aikin kwana biyu. In ya gaji ya ajiye allura ya kama acaɓa, wa zai koya wa na baya?

Saboda haka, 'yan uwa 'yan kasuwa, mu riƙa kiran kowace riga da sunanta. Masu saye kuma su tuna araha ba ta ado. Dattawan da suka iya aska takwas da sauransu a unguwar nan. Mu kai musu yaranmu tun idonsu yana ganin kafar allura.