Ireland ta Arewa: Yarjejeniyar Belfast da tsarin raba iko

A ranar 10 ga watan Afrilun 1998 ne aka cimma yarjejeniyar Belfast, wadda ta kawo ƙarshen kusan shekaru 30 na zubar da jini a Ireland ta Arewa, inda mutane fiye da 3,500 suka rasa rayukansu. An fi saninta da sunan yarjejeniyar Good Friday, saboda ta dace da Juma'ar da Kiristoci ke girmamawa gabanin bikin Ista.

Asalin rikicin

Duk da cewa ana kiran ɓangarorin biyu da sunan ɗarikunsu, ba a kan aƙida suke jayayya ba. Tambayar ita ce: yankin na wace ƙasa ne? Akasarin 'yan Furotesta na son ci gaba da zama cikin Birtaniya, yayin da akasarin 'yan Katolika ke son haɗewa da Jamhuriyar Ireland.

Lokacin da aka raba tsibirin a 1921, an shata iyakar ne ta yadda 'yan Furotesta za su kasance masu rinjaye a arewa. Jam'iyya ɗaya tasu ta yi ta mulki har tsawon shekaru 50, 'yan Katolika kuwa na kukan ana nuna musu bambanci wajen rabon gidaje da ayyukan yi da shata mazaɓu. Zanga-zangar neman 'yanci ta ƙarshen shekarun 1960 ta rikiɗe ta zama faɗa tsakanin ƙungiyar IRA, da 'yan bindigar Furotesta, da jami'an tsaron Birtaniya.

An gwada raba iko tun a 1973 ƙarƙashin yarjejeniyar Sunningdale, amma yajin aikin ma'aikata 'yan Furotesta ya rusa gwamnatin a watan Mayun 1974.

Abin da aka amince da shi

Tsohon sanatan Amurka George Mitchell ne ya shugabanci shawarwarin 1998, tare da sa hannun Firayim Ministan Birtaniya Tony Blair da takwaransa na Ireland Bertie Ahern. A ƙuri'ar raba gardama ta ranar 22 ga watan Mayu, kashi 71 cikin ɗari na masu zaɓe a arewa suka amince, a Jamhuriyar kuma kashi 94.

Yarjejeniyar ba ta yanke hukunci kan makomar yankin ba. Ta ce zai ci gaba da zama cikin Birtaniya har sai mafi yawan jama'arsa sun zaɓi akasin haka, kuma kowane ɗan yankin na da ikon zama ɗan Birtaniya ko ɗan Ireland ko duka biyun.

Sai kuma tsarin mulkin kansa, wanda aka gina bisa rashin yarda da juna. Kowane ɗan majalisar Stormont sai ya bayyana ɓangaren da yake. Manyan batutuwa, kamar kasafin kuɗi, ba sa wucewa sai da goyon bayan ɓangarorin biyu. Ana raba ma'aikatu gwargwadon kujerun kowace jam'iyya. Babban minista da mataimakinsa kuwa ikonsu ɗaya ne, bambancin a suna kawai yake, kuma ɗaya ba ya yanke shawara ba tare da ɗayan ba.

Abin da ya fi yi wa iyalan waɗanda aka kashe ciwo shi ne sakin fursunonin ƙungiyoyin 'yan bindiga cikin shekaru biyu.

Tafiyar hawainiya

Watanni huɗu bayan yarjejeniyar, wani bam da 'yan a-waren IRA suka dasa a garin Omagh ya hallaka mutane 29. Zargin da aka yi wa IRA na leƙen asiri da taƙaddama kan makamanta ne suka sa aka dakatar da majalisar daga 2002 zuwa 2007, ko da yake ƙungiyar ta ajiye makamanta a 2005. A watan Mayun 2007, Ian Paisley na jam'iyyar DUP, wanda ya yaƙi yarjejeniyar tun farko, ya zama babban minista, da Martin McGuinness na Sinn Fein, tsohon kwamandan IRA, a matsayin mataimakinsa.

Sai dai ikon da aka bai wa kowane ɓangare na taka wa ɗayan birki ya zama makami. Murabus ɗin McGuinness a 2017 ya bar yankin babu gwamnati har shekaru uku. DUP ita ma ta janye a 2022 saboda ƙa'idojin ciniki da suka biyo bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, kuma sai a watan Fabrairun 2024 aka dawo, lokacin da Michelle O'Neill ta Sinn Fein ta zama ta farko daga ɓangaren masu son haɗewa da Ireland da ta riƙe muƙamin babbar minista.

Ƙidayar 2021 ta nuna a karon farko cewa masu asalin Katolika sun fi masu asalin Furotesta yawa. Jam'iyyar Alliance, wadda ba ta bin kowane ɓangare, ta zo ta uku a zaɓen 2022, tana kuma neman a sauya ƙa'idojin da ke bai wa jam'iyya guda damar rushe gwamnati. A Belfast kuwa, katangun da ke raba wasu unguwannin Katolika da na Furotesta na nan tsaye.