Filashi ɗaya, manhajoji da yawa: wanne ke tashi, wanne ke ƙi

Duk mai gyaran kwamfuta, a Computer Village na Ikeja yake ko a Sabon Ibadan, ya san amfanin filashin da ke ɗauke da Windows da Linux da faifan ceto a wuri guda. Tambayar da yara masu koyon aiki suka fi yi mini ita ce: me ya sa filashin da ya tashi laftof ɗin jiya ya ƙi tashin na yau? Amsar ita ce abu uku ne sai sun yi jituwa kafin kwamfuta ta tashi daga filashi: manhajar da ta haɗa filashin, fayil ɗin ISO da aka zuba, da kuma tsarin tashin ita kanta kwamfutar. Idan ɗaya ya saɓa, sai ka ga baƙin allo. Ga abin da na tattara, don a ajiye a riƙa dubawa.

Manhajojin haɗa filashi

Ventoy ita ce wadda na fi amfani da ita. Ta fito a 2020, kuma kyauta ce. Tana raba filashi gida biyu: ƙaramin ɓangare mai 32MB da ake kira VTOYEFI, da babban ɓangare mai tsarin exFAT inda za ka riƙa kwafe fayilolin ISO kamar yadda kake kwafe hoto ko waƙa. Bayan ISO tana karɓar WIM da IMG da VHD da EFI. A kula: ranar farko da za a saka ta, tana goge duk abin da ke cikin filashin. Sabunta ta daga baya kuwa ba ya taɓa fayilolinka.

YUMI ta girme ta, kuma nau'inta na exFAT a kan Ventoy aka gina shi, don haka halinsu kusan ɗaya ne. Easy2Boot ta fi wahalar koyo, kuma tana son fayil ya zauna a jere cikin filashi ba a warwatse ba, amma ta fi iya lallaɓa tsofaffin kaya irin su Windows XP. Rufus kuma ISO ɗaya take ɗauka a filashi ɗaya. Duk da haka ban taɓa rabuwa da ita ba, domin idan sauran sun gaza, sau da yawa ita ke fitar da ni kunya.

Fara da tambayar kwamfutar

Hanyoyin tashi biyu ne: tsohon BIOS, wanda za ka ga an rubuta Legacy ko CSM, da sabon UEFI. Yawancin tokumbo da ke hannun mutanenmu suna da duka biyun, amma sababbin laftof da dama UEFI kaɗai suke da shi. Maɓallin zaɓen wurin tashi F9 ne a HP, F12 a Dell da Lenovo, Esc a yawancin laftof ɗin Asus. Idan filashinka ya bayyana sau biyu a jerin, wanda aka rubuta UEFI a gabansa shi ne sabuwar hanya.

Wannan zaɓin ba wasa ba ne. Idan ka tashi ta UEFI, Windows zai nemi rumbun kwamfutar ya kasance a tsarin GPT. Idan ta Legacy ka tashi, MBR yake so. Saƙon nan da ke cewa ba za a iya saka Windows a wannan rumbu ba, galibi daga nan yake. Kafin ka yi gaggawar goge rumbun mutum, sake tashi ta ɗaya hanyar tukuna.

Windows

Windows 10 da 11 suna tashi lafiya a Ventoy da YUMI. Matsalar da aka saba gani ta FAT32 ce, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, alhali ISO ɗin Windows na yanzu ya haura haka. Shi ya sa exFAT ya fi. Windows 11 yana neman TPM 2.0 da RAM 4GB da rumbu 64GB. Rufus da Ventoy suna da hanyar tsallake wannan bincike, amma gaskiya ita ce a faɗa wa mai kaya cewa Microsoft ba ta ɗauki alhakin irin wannan kwamfuta ba. A kuma tuna an daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025.

Wani abin da ke rikita yara: a wasu laftof masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama, Windows zai tashi amma ya ce bai ga rumbu ba. Ba laifin filashi ba ne, direban Intel RST ne babu. Ajiye shi cikin filashin ka loda a lokacin.

Windows 7, wanda tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Janairu 2020, bai san USB 3.0 ba. Sai ya tsaya yana neman direba, ko linzami da allon rubutu su mutu. Ka soka filashin a ramin USB 2.0, wanda cikinsa yawanci baƙi ne ba shuɗi ba. XP kuwa ba ruwansa da UEFI, kuma yakan faɗi da shuɗin allo mai lamba 7B saboda rashin direban SATA.

Linux

Ubuntu da Linux Mint da Debian da Fedora duk suna tashi ba gardama. Abin lura kawai shi ne Ubuntu da babban nau'in Mint na yanzu 64-bit ne zalla, ba za su tashi a tsohuwar kwamfuta mai 32-bit ba. Ko ba ka da niyyar saka Linux, ajiye Mint ɗaya. Yana tashi daga filashi ba tare da ya taɓa rumbu ba, ka kwashe wa mutum fayilolinsa ko da Windows ya mutu.

Faifan ceto

A nan aka fi samun saɓani. Hiren's BootCD iri biyu ne, kuma mutane na haɗa su. Tsohon, 15.2 na 2012 mai ƙaramin XP a ciki, ta Legacy kaɗai yake tashi. Sabon, Hiren's BootCD PE, 64-bit ne, yana tashi ta UEFI, amma yana cin RAM, don haka yakan maƙale a ƙaramar kwamfuta. Clonezilla na kwafe rumbu ɗungurungum, GParted na gyaran ɓangarorin rumbu, SystemRescue na aikin ceto iri-iri; dukansu suna aiki a Ventoy. Memtest86+ na gwajin RAM ne, kuma sai daga fitowa ta 6, a 2022, ya fara tashi ta UEFI.

Idan ISO ya ƙi tashi a Ventoy ta hanyar da aka saba, akwai wasu ƙofofi: grub2 don Linux, wimboot don Windows da ire-iren PE, memdisk don ƙananan tsofaffin faifai a Legacy. MacBook mai guntun M1 zuwa sama kuwa, kada ka ɓata lokacinka, waɗannan filasan ba sa tashinsa.

Secure Boot da BitLocker

Secure Boot mai gadi ne da ke hana duk manhajar da ba ta da sa hannun da aka amince da shi tashi. Ventoy na iya wucewa, amma karon farko a kowace kwamfuta za ka ga shuɗin allo, sai ka shigar da makullinta daga VTOYEFI. SystemRescue da Memtest86+ kuwa yawanci sai an kashe shi.

To, a nan ne na taɓa shan zufa. Wani Alhaji mai harkar albasa a Mile 12 ya kawo laftof ɗinsa yana yawan daskarewa. Na kashe Secure Boot don in gwada RAM. Da na gama na sake kunnawa, sai ga BitLocker yana neman makulli mai lamba 48. Alhaji bai ma san akwai wani makulli ba, ga shi duk lissafin bashin da yake bin mutane yana ciki. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Allah Ya taimake ni, da na mayar da Secure Boot yadda yake, Windows ya buɗe. Da rumbun ne na taɓa, da labarin ya sha bamban, domin babu faifan ceton da ke karanta rumbun da BitLocker ya kulle in ba da makullin ba. Tun daga ranar, sai na tambayi makulli kafin in taɓa komai. Sau da yawa yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, kuma sababbin Windows 11 kan kulle rumbu da kansu ba tare da mutum ya lura ba.

Shi kansa filashin

Wani lokaci duk abubuwan nan lafiya suke, filashin ne jabu. An rubuta 64GB, cikinsa bai kai haka ba. ISO na farko ya yi aiki, na biyar ya lalace. Gwada sabon filashi da H2testw kafin ka yarda da shi. Idan intanet ta yanke maka ana cikin saukewa, duba lambar SHA-256 ta fayil ɗin ka gwada da wadda ke shafin masu shi. Kuma kada ka fizge filashi da zarar kwafi ya nuna ya gama, cire shi ta hanyar da ta dace.

A jakata filashi uku ne: Ventoy mai Windows 10 da 11 da Mint da faifan ceto, na Rufus mai Windows 11 kaɗai, da ƙarami na tsofaffin kwamfutoci. Kowane ISO sai na gwada shi ta Legacy da ta UEFI a shago, in rubuta sakamakon a ɗan littafi. Gara ya ƙi tashi a gabana da ya ƙi a gaban mai kaya.