Lambatun Kakuri da Kogin Kaduna

Duk ruwan saman da ya sauka a kudancin Kaduna, ko a Kakuri ne, ko Makera, ko Barnawa, ko Nasarawa, ba shi da wata makoma sai Kogin Kaduna. A da, tun wurin yana daji, ƙasa kan shanye rabonta, saura ya bi ƙoramu a hankali har ya tarad da kogi. Zuwan reluwe ne ya fara sāke wannan hali. Cikin 1911 hanyar jirgi ta ƙetare kogin ta kai Kano, a 1917 kuma aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Sai gidaje suka yi ta tsirowa kewaye da tashar jirgi ta kudu. To, kwano da kwalta ba su shan ruwa, saboda haka tilas aka haƙa lambatu a gefen hanyoyi. Duba-gari ne masu tsaron al'amarin a zamanin nan. Su kan bi gida gida, duk wanda aka tarar kwatarsa ta kwanta sai sammaci, domin gudun sauro.

Cikin 1957 aka buɗe masaƙa ta fari a Kakuri, da himmar Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello. Kafin shekara 10 waɗansu masaƙu sun biyo baya, ga kamfanin giya, ga na makamai, a 1975 kuma aka fara harhaɗa motar Peugeot. Dubban mutane suka sami abin yi, unguwanni suka cika maƙil. Jirgi da ruwa su ne suka jawo masana'antu nan, gama rini da wankin yadi suna cin ruwa ƙwarai da gaske. Amma ruwan da ya shiga masaƙa garau ba haka ya ke fitowa ba. Ya kan fito da launi da magunguna masu kaifi, ya faɗa manyan magudanai biyu, na Kakuri da na Makera, waɗanda ke kwashe ruwan sama. Da damina ruwa kan surka shi. Da rani kuwa, sa'ad da kogi ya janye, sai dagwalon ya gangara tsantsarsa, alhali a gangaren nan masu lambu ke ban ruwa, masunta ke jefa birgi.

Doka ba ta farka da wuri ba. Sai a 1988, bayan an kawo dattin guba daga Italiya an jibge a garin Koko, can Kudu, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kiyaye muhalli, watau FEPA. A 1991 ta fito da ƙa'ida cewa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, kada kuma a zuba mai kowane iri a lambatun jama'a ko kogi sai da takardar izini. Ku duba, shekara 34 ke nan bayan buɗe masaƙa ta fari. A 1992 aka ƙara da cewa ba a fara babban aiki, kamar babbar hanya ko masana'anta, sai an auna ɓarnar da zai iya jawowa. Jihar Kaduna ta kafa tata hukumar, KEPA, a 1994, sa'an nan a 2007 NESREA ta gāji aikin na Tarayya.

Abin mamaki, dokokin ba su daɗe da zuwa ba masaƙun suka fara durƙushewa, ta farin ma an rufe ta a 2002. Ruwan rini ya ragu, amma lambatu bai huta ba. Leda, da shara, da baƙin man gareji, da ruwan makewayi suka maye gurbinsa, waɗansu mutane kuma suka yi gini a kan hanyar ruwa. Cikin 2003 kogi ya yi ambaliya, ya ci gidaje masu yawa a gaɓoɓinsa biyu, har da Barnawa.

Masana'anta ƙofarta ɗaya ce, ma'aikaci na iya tsayawa a bakinta ya auna abin da ke fitowa. Amma ba hukumar da za ta iya tsaron ƙofar kowane gida. Saboda haka, jama'a, mai son gini ya nemi izini tukuna, makanike ya tara baƙin mansa a duro, mai gida ya yashe lambatun ƙofarsa tun damina ba ta faɗi ba. Allah ya ba mu ikon kiyayewa, amin.